FASHIN BAƘI: Cikin hunturu ake yanke hukuncin damina, daga gonakin Matazu zuwa bakin tanderu

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Matazu da safiyar watan Janairu zai yi zaton ƙasar ta kwanta barci. Hazo ya lulluɓe gonaki, an kwashe amfani, an jingine karan dawa a jikin bishiyoyi, shanu da tumaki na kalar abin da ya rage. Dattawa na zaune a bakin wuta, yara sun yi furu-furu, leɓɓa duk sun tsattsage. Babu alamar aikin gona, in ban da ɗan koren da ake hangowa can a bakin rafi, inda masu lambu ke ban-ruwa.

Sai dai a waɗannan makonnin ne ake yanke mafi yawan shawarwarin da za su nuna abin da za a girbe a watan Oktoba. Yanzu magidanci ke leƙa rumbu ya ƙiyasta ko hatsin zai kai iyali zuwa sabon gero. Yanzu ake ware iri, a tsayar da gonar da za a noma, da wadda za a ba da jingina, da wadda za a haƙura da ita saboda ta yi nisa da gari. Yanzu ake fara kai takin gida a kan jaki ko amalanke, ana jibge shi tsibi-tsibi a gona. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa, mai lambu kan shafe lokacin sanyi a ɗaka yana tsara abin da zai shuka idan ƙanƙarar ta narke. Manomin kudancin Katsina ma lissafin yake yi, sai dai nasa lissafin na abincin gida ne na shekara guda, kuskure a cikinsa kuwa yunwa ce.

Abin da ba a cika taɓowa ba a muhawarar tsadar abinci shi ne, kalandar manomi da ta gwamnati ba tare suke tafiya ba. Manomi na rufe lissafinsa tsakanin Disamba da Maris. Gwamnati, a shekaru da dama, sai ruwa ya sauka take kafa rumfa ta ƙaddamar da sayar da taki.

Abin da ake shiryawa cikin hazo

Matazu na cikin ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtuwa, wato Katsina ta Kudu, tare da Musawa da Malumfashi da Kafur da Bakori da Danja da Ƙanƙara da Faskari da Dandume da Sabuwa da ita kanta Funtuwa. Wannan shiyya ce rumbun jihar. Matazu na gefenta na arewa, inda ruwan sama bai kai na Funtuwa da Dandume yawa ba, don haka dawa da gero da wake da gyaɗa ba su taɓa barin gonakinta ba ko da masara ta shigo. Damina kan kankama ne tsakanin ƙarshen Mayu da watan Yuni, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Wata huɗu ke nan da 'yan kwanaki, kuma duk abin da bai shiga ƙasa a makonnin farko ba, ya makara.

Gajartar wannan lokaci ce ta sa iri ya zama shawara ta farko. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta fitar da nau'o'in masara da dawa da wake da gyaɗa da auduga masu yawa, waɗanda ake sani da sunaye irin su SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA da SAMNUT. Daga cikinsu akwai masu nuna da wuri, cikin kwana 90 ko ƙasa da haka, akwai masu jure fari, akwai kuma masu jure ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke maƙale wa saiwar dawa da masara tana tsotse su. Hekta ɗaya ta masara na cin iri kilo 20 zuwa 25. Wanda zai sayi ingantaccen iri, yanzu ne ya kamata ya san inda zai same shi da kuɗin da zai biya, domin idan ruwa ya faɗi kasuwa kan cika da jabu, hatsin kasuwa da aka shafa wa jan launi aka ɗura a leda mai tambari.

Zaɓen iri kuwa ya dogara ne a kan tambayar da ba manomin da zai iya amsa ta shi kaɗai: yaushe ruwan zai zo, kuma kwana nawa zai yi? A da, malamai ne ke lissafa taurarin damina, dattawa kuma su duba sauyin iska da tohon itatuwa. Har yanzu ana yin hakan. Amma kowace shekara, a farkonta, Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, kan fitar da hasashen damina wanda ke nuna lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa, da yawansa, da inda ake fargabar zai yi tsaiko a tsakiyar damina. An gabatar da na 2024 da na 2025 duk a watan Fabrairu a Abuja, kuma hukumar na fassara shi zuwa Hausa. Wani abin lura shi ne, daga 2021 zuwa 2023 shugaban wannan hukuma shi ne Farfesa Mansur Bako Matazu, wanda ke ɗauke da sunan garin nan. Hasashen yana nan, kuma yana fitowa a kan kari. Inda gizo ke saƙar shi ne tazarar da ke tsakanin ɗakin taro a Abuja da kunnen manomin Karaduwa ko Sayaya. Malamin gona ne ya kamata ya cike wannan tazara, malaman gona kuwa sun yi ƙaranci matuƙa a duk faɗin ƙasar, waɗanda suka yi ritaya ba a cika maye gurbinsu ba.

Yadda yankin ya zama bawan buhun taki

Kafin shekarun 1970, masara amfanin bayan gida ce a ƙasar Hausa. Ana shuka ta kusa da gida inda shara da kashin dabbobi suka taru, a gasa ta ko a dafa tun tana ɗanya, a rage zafin yunwar tsakiyar damina. Amfanin kuɗi a yankin Funtuwa da Malumfashi auduga ce, shi ya sa aka kafa masana'antun gurzar auduga a garuruwan biyu tun zamanin Turawa.

Abin ya sauya a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Bankin Duniya ya tallafa aka kafa shirye-shiryen bunƙasa aikin gona guda uku na farko a Najeriya, a Funtuwa da Gusau da Gombe. Shirin Funtuwa ya zo da hanyoyin karkara, da cibiyoyin sayar da kayan gona, da malaman gona, da takin zamani mai rangwame sosai daga kuɗin man fetur na lokacin, da kuma sabon irin masara daga cibiyar IITA ta Ibadan. Cikin 'yan shekaru masara ta fita daga bayan gida ta mamaye manyan gonaki, kasuwanni irin su Dandume suka zama wuraren da tireloli ke lodi zuwa Kudu. Masanin nan Paul Clough, wanda ya zauna a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi yana nazarin yadda manoma ke bashi da fataucin hatsi, a wannan zamanin ya fara bincikensa. Hukumar KTARDA ta yau gadon wancan shirin ce.

Arzikin da masara ta kawo na gaske ne, amma da sharaɗinta ta zo. Ba ta yi sai da taki. Shawarar da malaman gona kan bayar ita ce kusan buhu 10 ga kowace hekta, idan aka haɗa NPK na farko da yuriya ta biyu. A lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙulla yarjejeniya da Maroko a Disamba 2016 ta kafa shirin taki na Shugaban Ƙasa, an tsayar da farashin buhun NPK a kan Naira 5,500. A wancan lissafin, takin hekta guda bai wuce Naira 55,000 ba. Daga nan aka yi annobar korona, sai yaƙin Rasha da Yukren a Fabrairu 2022, wanda ya dagula kasuwar sinadaran taki ta duniya, sai kuma sakin Naira ta nemo wa kanta daraja a Yuni 2023. Kuɗin da a 2017 ke sayen takin hekta guda, a 'yan shekarun nan da ƙyar ya wuce buhu ɗaya. Wannan kuwa duk da cewa Najeriya na da manyan masana'antun yuriya, ta Indorama a Eleme da ta Dangote a Lekki da aka buɗe a Maris 2022, domin farashinsu na bin dala da kasuwar waje.

Tsadar taki kaɗai ba ta karya manomi idan hatsi na da daraja. A 2023 da farkon 2024 hatsin ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, talakan birni ya ji jiki, har aka kai ga zanga-zangar watan Agusta 2024. A Yuli na shekarar Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na tsawon kwana 150. A cikin 2025 farashin hatsi ya faɗi warwas, na taki kuwa bai biyo shi ba. Mai saye a Kano da Katsina ya samu sauƙi, kuma babu mai ƙin hakan. Amma manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da masara da araha, shi ne yanzu ke zaune a bakin wuta yana lissafi, kuma lissafin ba mai wuya ba ne: buhun masara nawa zai sayar kafin ya sayi buhun taki ɗaya? Idan amsar ta fi ƙarfinsa, zai rage masara ya koma dawa da gero da waken suya, waɗanda ke haƙuri da ƙarancin taki. Wannan shawara ba a jin ƙararta a watan Janairu. Sai bayan wata tara ake ganin ta a kasuwar Dawanau, a farashin abincin kaji da na ƙwai.

Akwai kuma batun lokacin sayarwa. Ƙaramin manomi da kaka yake sayar da hatsinsa, lokacin da ya fi araha, saboda bashi da kuɗin makaranta da hidimar aure duk sun taru sun jira shi. Mai jari ya saya ya ajiye. Idan manomin bai sayi taki ba a lokacin da kuɗin ke hannunsa, zuwa Yuni kuɗin sun narke, sai ya koma wurin mai jarin nan ya ci bashin da zai biya da hatsi. Saboda haka takin rangwamen da ya iso a Yuli, ko da bai bi ta hannun 'yan siyasa ba, ihu ne bayan hari. Ya tarar da mutum ba kuɗi, masarar kuma ta wuce lokacin takin farko, wanda ake sawa cikin mako biyu da shuka.

Canjin kuɗin da Babban Banki ya yi ya nuna yadda waɗannan watanni ke da haɗari. Ƙarancin takardun Naira ya tsananta ne a Janairu da Fabrairu 2023, daidai lokacin da manoma ke sayar da hatsi suna shirin damina, masu lambu kuma na kwasar tumatir da ba ya jira. A ƙauyukan da babu banki, mutane da yawa sun karyar da kayansu ga duk wanda ya zo da tsabar kuɗi.

Koren da ke bakin rafi

Ga mai fadama, hunturu ne daminarsa. Tun a Oktoba da Nuwamba ake renon tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, a dasa su idan sun yi ƙwari. Sanyin dare na taimaka wa tumatir ya ɗaura 'ya'ya, ƙarancin laima kuma na rage cututtukan ganye, shi ya sa tumatirin Danja da na Kadawa a Jihar Kano ke cika kasuwannin Legas a watannin sanyi. Idan zafin bazara ya shigo sai tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta taso, wadda a 2016 ta cinye gonakin tumatir a Kano da Katsina da Kaduna da Jigawa. Kuɗin lambu ne ke sayen takin damina a gidaje da yawa, kuma shi ke tsayar da saurayi a gida maimakon ya tafi cin rani Abuja ko Fatakwal.

Lambu kuwa da fetur yake rayuwa. Jigo ya daɗe da zama tarihi. Injin ban-ruwa ne ke jawo ruwa daga rafi ko rijiyar burtsatse. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa Oktoba 2024 ta haura Naira 1,000. Wasu masu lambu sun juya injinansu zuwa gas, masu hali sun sayi na hasken rana, marasa hali sun rage faɗin abin da suke nomawa. Tun kafin nan ma, dokar tsaro da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen Agusta 2021 ta hana sayar da fetur a jarka, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai. Manufar a fili take, amma injin ban-ruwa ba ya tuƙa kansa zuwa gidan mai.

Ruwan ma akwai shi, amfani da shi ne ya gagara. Madatsar Zoɓe da ke Dutsinma, wadda aka gina a kan kogin Karaduwa aka kammala a 1983, an tsara ta ne don ban-ruwan kimanin hekta 8,000. Ta shafe shekaru kusan 40 ana amfani da ɗan kaɗan daga ƙarfinta, sai a 2021 aka buɗe aikin kai ruwan sha daga cikinta zuwa birnin Katsina.

A cikin gidaje kuma akwai ƙaramin lambun da ba ya shiga ƙididdiga: zogale a gefen katanga, yakuwa da alayyafo a tsohon buhu ko fasasshiyar tukunya, ana shayar da su da ruwan wanke-wanke. A 2024 uwargidan Shugaban Ƙasa, Oluremi Tinubu, ta sa gasar kowane gida da lambu. Matan karkarar Katsina ba gasa suka jira ba. Abin da ke hana lambunsu faɗaɗa shi ne jarkar ruwan da ake saye ko ake ɗaukowa daga nesa, da akuyar maƙwabta.

Daga fadama zuwa tanderu

Babu amfanin gonar da ya dogara da hunturu kamar alkama. Ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, tana cin iri kilo 100 zuwa 120 a hekta, a girbe ta a Maris. Tana buƙatar sanyin dare a lokacin da take yin rassa da fitar da kai. Idan aka makara da mako biyu ko uku, zafin ƙarshen Fabrairu da Maris zai same ta tana cika ido, sai ƙwayar ta motse. A nan jinkirin kayan tallafi ya fi yin ɓarna, domin damina wani lokaci takan yi wa mai makara uzuri ta ƙara kwanaki, amma sanyi idan ya tafi ya tafi.

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa ana noma ta a fadamu, kaɗan-kaɗan, abincin sarakuna da attajirai da ranar biki. Daga ita ake alkaki da funkaso da taliyar hannu da dubulan, kayan gara da na sallah. Daga ita ake gurasa, wadda ake dangantawa da Larabawan Arewacin Afirka da suka zauna a Kano. Mai gurasa kan kwaɓa gari da yis tun dare, ta bar shi ya tashi, ta hura wuta a cikin tanderu har jikinsa ya yi zafi, sannan ta manna ƙullun a bangonsa na ciki. Da sanyi ƙullu kan yi nauyin tashi, sai an lulluɓe shi ko an ajiye kusa da murhu, amma kuma lokacin ne zaman bakin tanderu ya fi daɗi kuma ciniki ya fi tafiya, ga shayi ga sanyi. A waɗannan shekarun azumi ma na faɗowa ne a ƙarshen hunturu, kuma da azumi buƙatar gurasa da funkaso da alkaki kan ninka. Ga matar da ke cikin gida a Matazu ko Musawa, wannan sana'a ce ke biyan adashi, adashin kuma sau da yawa shi ke zama rancen da maigida ke sayen iri da shi.

Sai dai garin da ke cikin kwanon nata, mafi yawan lokaci, bai taɓa ganin fadamar Katsina ba. Najeriya na cin alkama tan miliyan 5 zuwa 6 a shekara, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 daga waje ake shigo da ita. Ƙididdigar da Hukumar NBS ta fitar kan noman 2021 ta nuna abin da aka noma a gida bai kai tan 40,000 ba. Saboda haka duk motsin dala, da duk abin da ya faru a tashoshin ruwan Rasha da Yukren, sai ya iso bakin tanderu. A Fabrairu 2024 mata masu gurasa suka fito kan titi a Kano suna zanga-zangar tsadar fulawa, suna cewa jarinsu ya karye.

Tarkon tsoho ne. A 1985 masana biyu daga Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, suka wallafa littafi kan yadda burodi ya kama Najeriya a tarkon alkamar waje. Hujjarsu ita ce, kuɗin mai sun koya wa birane cin burodi, sannan gwamnati ta zuba dukiya a manyan madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori da aikin ban-ruwa na Tafkin Chadi da sunan noma alkamar a gida, aka ƙare ba a noma abin kirki ba, ba a kuma daina shigowa da ita ba. A 1987 gwamnatin Ibrahim Babangida ta haramta shigo da alkama. Noma ya ƙaru, fasa-ƙwauri ma ya ƙaru, aka janye haramcin a farkon shekarun 1990. A 2012 aka yi yayin burodin rogo a zamanin Goodluck Jonathan da ministansa na gona Akinwumi Adesina. A Nuwamba 2015 Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Kebbi, wanda ya fara da shinkafa da alkama, ya ƙare da tulin bashin da ba a biya ba. A Nuwamba 2023 kuma gwamnatin Tinubu ta ƙaddamar da noman alkama na rani a Jigawa, da rancen Dala miliyan 134 daga Bankin Raya Afirka, wanda a lokacin Adesina ɗin ne ke shugabanta, inda aka yi alƙawarin rangwamen rabin kuɗin iri da taki.

Binciken kimiyya ya yi nasa ƙoƙarin. Cibiyar Bincike ta Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar da nau'o'in alkama masu jure zafi, irin su Norman da Reyna 28, waɗanda ke ba da amfani fiye da tsofaffin iri nesa ba kusa ba. Ba za a ce Najeriya za ta ciyar da kanta da alkama nan kusa ba. Sanyin gajere ne, ƙasar ban-ruwa kuma shinkafa da tumatir na takara a kanta. Amma alkamar da za ta wadatar da masu alkaki da funkaso da gurasa na yankin, wadda ake niƙawa a injin unguwa, ba ta fi ƙarfin fadamun Katsina da Kano da Jigawa ba, in iri ya iso a Oktoba kuma an san mai saye tun kafin shuka.

Gonar da ba za a je ba

Akwai shafi ɗaya a lissafin hunturu da kakannin manoman yau ba su san shi ba. Matazu da Musawa na maƙwabtaka da yankunan da 'yan bindiga suka addaba, su ma kuma hare-hare da satar mutane da ta shanu ba su bar su ba. Sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, da harin masallacin Unguwar Mantau a Ƙaramar Hukumar Malumfashi a Agusta 2025, duk a wannan shiyya suka faru. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, wanda digirinsa na uku ya shafi aikin gona da zamantakewar karkara, ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoba 2023. A 2025 kuma al'ummomin wasu ƙananan hukumomi, irin su Batsari da Jibiya da Ɗanmusa, suka shiga sulhu da 'yan bindigar yankunansu, matakin da har yau ake jayayya a kansa.

Ga manomi, tambayar ba ta siyasa ba ce. Gonar daji ita ce mai faɗi kuma mai ƙarfi, ta kusa da gari kuwa ƙarama ce kuma ta gaji. Zai kai taki gonar dajin a Fabrairu alhali bai san ko zai iya zuwa noman firi a Yuli ba? Zai sayi shanun huɗa, waɗanda su ne abin da ɓarayi suka fi nema? A wuraren da ake sa wa ƙauyuka harajin noma ko na girbi, wannan ma ya shiga cikin kuɗin da ake lissafawa, kusa da na taki da na maganin feshi. Wasu kan guji dogon amfani a bakin hanya da gefen gari, su shuka wake ko gyaɗa, domin dawa idan ta yi tsawo maɓoya ce. Satar shanu kuma ta taɓa ƙasar kanta, domin garken da ke kwana a gona da rani yana barin taki ya ragu, gidan da aka kore wa dabbobi kuwa ba shi da abin da zai ɗora wa amalanke.

Kalandar Abuja da ta Katsina

A 2003 shugabannin Afirka suka amince a Maputo cewa kowace ƙasa ta ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafinta, aka sake jaddada hakan a Malabo a 2014. Kasafin Gwamnatin Tarayya bai kusanci wannan ba. Amma ko abin da aka ware, lokacin sakinsa ne ya fi damun mai gona. Gwamnatin Buhari ta maido da kasafi kan tsarin Janairu zuwa Disamba daga 2020. An sa wa na 2025 hannu a ƙarshen Fabrairu, ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2024 kuma aka yi ta ƙara masa wa'adi har cikin 2025. Daga sa hannu zuwa sakin kuɗi, zuwa ba da kwangila, zuwa isar tirela ɗakin ajiyar ƙaramar hukuma, watanni ne. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, da ya tabbata a aikace, da sashen gona na sakatariyar Matazu na iya sayen iri a Janairu ba tare da jiran kowa ba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji Hausawa, kuma tambayoyin da suka dace a yi wa masu neman kujera a 2027 na ranaku ne. A wane wata takin zai isa mazaɓa? Wa ke cikin jerin sunayen, kuma a ina aka liƙa shi? Malaman gona nawa ne ke aiki a ƙaramar hukumar? Idan za a sake buɗe ƙofar shigo da hatsi, za a sanar kafin manomi ya sayi taki ne ko bayan ya shuka?

Zuwa ƙarshen Fabrairu hazo zai fara yayewa, gumi ya dawo. A Maris masu alkama za su yi girbi, a Afrilu a yi sassabe da sharar gona a ƙone. A farkon Mayu, masu ƙarfin hali a arewacin yankin za su yi binne, wato su zuba gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, don ruwan farko ya tarar da iri a ciki. Idan ruwan ya zo da ƙarfi, sun riga kowa. Idan ya yi yayyafi ya ɗauke, irin ya tsiro ya ƙone, sai a koma rumbu a ɗebo wani daga cikin abin da aka ware wa tuwo.